Giwan Ruwa da Keken Inna

Ɗana na biyu, wanda ya ci sunan mahaifina shi ya sa nake ce masa Babana, ya tsiri wata ɗabi'a tun bara. Da zarar na dawo daga sallar isha'i na jona waya a caji, sai ya lallaɓo ya zare ta ya koma bayan ƙofa. Na ɗauka ƙwallo yake kallo, ashe masu kamun kifi ne a YouTube. Har wayar ta gane shi, yanzu ni ma in na buɗe ta da kifi take tarbata.

Wani dare ya zo ya dafa kafaɗata.

"Abba, dubi wannan mutumin. Anya kansa ɗaya?"

Na karɓa na duba. Wani Bature ne tsaye a kan ɗan jirgi, cikin wani ruwa marar zurfi da ciyawa ta kewaye, can a jihar Luwiziyana ta Amurka inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku. Ya daɗe yana fama da wani kifi, sandar fatsarsa ta lanƙwashe kamar za ta karye. Da ya jawo shi, sai ga kifi ja kamar tagulla, da ɗigon baƙi kusa da wutsiya, tsawonsa ya kai hannun babban mutum har kafaɗa. Ya kwantar da shi a kan wani katako mai awo, ya duba, ya yi dariya, ya ɗaga shi aka ɗauki hoto. Sannan ya sunkuya ya mayar da shi ruwa, yana riƙe da wutsiyar yana kaɗa ta a hankali, har kifin ya farfaɗo ya fizge ya yi gaba.

"Ya sake shi fa, Abba! Bayan duk wannan wahalar."

Na ce masa ya je ya kwanta, gobe akwai makaranta. Ni kuma na zauna na maimaita wurin har sau huɗu, idona a kan hannun mutumin. Na taɓa ganin hannu ya yi haka a Kogin Kaduna, sama da Rafin Guza, a watan Fabrairun 1997, kuma na yi shekaru ban yafe wa mai hannun ba.

Duk wanda ya san Mando zai yi dariya in aka ce masa a nan aka yi masunci. Unguwarmu tudu ce. Abin da aka san mu da shi tasha ce, da sansanin alhazai, da sojoji, da hanyar filin jirgi wadda ke miƙewa har Birnin Gwari. Mun tashi muna jin ƙugin jiragen horo na sojan sama a kanmu, ruwa kuwa sai na rijiya. Kogi yana can gabas, sai ka ratsa Kawo ka gangara. Amma a ƙofar ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, kullum akwai birgi a rataye yana shan iska, kuma duk gidan hayar da muke ciki ƙarnin kifi yake, har maƙwabta suka daina magana.

Baba mutumin ƙasar Yawuri ne, daga cikin Sarkawa, waɗanda su ne gadonsu tun kaka da kakanni. Yana saurayi aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya taso ya shanye ƙauyensu da gonakin bakin gaɓa, aka kwashe su aka kai su wasu gidajen siminti da gwamnati ta gina. Bai taɓa son wurin ba. Ya ce kogin da ya sani, mai lokacin cika da lokacin janyewa, ya koma wani faffaɗan ruwa da bai san fuskarsa ba. Bayan 'yan shekaru ya biyo wani kawunsa Kaduna, ya samu aikin gadi a wata ma'aikata, ya auri Inna, suka kama ɗaki a Mando saboda nan ne haya ke da sauƙi. Gadi shi ne aikin albashi. Ranakun da ba ya kan aiki kuwa, da la'asar sakaliya zai ɗaure kayansa a bayan kekensa Raleigh ya nufi kogi, inda yake da wani tsohon kwale-kwale da suka haɗa kuɗi suka saya da wani Banufe.

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai yaro" nake. Tun ina shekara goma ya fara ɗora ni a kan sandar keken. A wurinsa na koyi kurungu mai ƙara in ka kama shi, da ƙayarsa mai kulle maƙogwaro. Da tsage mai haƙora kamar zarto, wanda ke yanke zare ya bar ka da salati. Da karfasa, da ragon ruwa, da kawara, da minjirya wadda na taɓa sau ɗaya hannuna ya mutu har kafaɗa, Baba yana ta dariya har da hawaye. Ba mai yawan magana ba ne a gida, amma a kan ruwa bakinsa yakan buɗe. Yakan nuna mini wuri ya ce nan akwai dutse a ƙasa, can ruwa yana juyawa, ka ga inda kumfa ta tsaya, nan kifi ke jira.

Yana da dokoki da ba wanda ya ɗora masa a Kaduna. Ba ya jefa birgi mai ƙananan ido. Ɗan kifin da bai kai tafin hannu ba, sai dai in koto zai yi da shi, mayarwa yake. In ruwa ya fara cika da damina kifi ya shiga ciyawa zuba ƙwai, akwai wuraren da ba ya zuwa sam. Yakan ce a garinsu Sarkin Ruwa ne ke rufe gurbi, kuma in ya rufe, ko ɗan sarki bai isa ya jefa ƙugiya ba sai ranar da aka buɗe. Irin abin da har yau ake yi a Matan Fada ta Argungu ke nan: a hana su a wurin shekara guda, ranar biki dubban mutane su faɗa da goruna da koma a lokaci ɗaya. Shi ya sa ake fito da irin kifin da ya ci gasar 2020, mai kilo 78. Kifi ba ya kai haka sai an bar shi ya tsufa.

To, shekarar 1997 ina ajin ƙarshe a sakandare. Lokacin babu NECO, WAEC ce kaɗai. Azumi ya kama cikin sanyi, aka yi ƙaramar salla a farkon Fabrairu, ɗan abin da ke hannu ya tafi a hatsi da ɗinkin ƙannena. Albashin Baba ya maƙale wata na uku. Zamanin Abacha ne, ga wahalar mai, ga tsadar komai, wanda za ka je wa rance shi ma rancen yake nema. A makaranta aka kira sunayenmu mu bakwai a gaban taro aka ce Juma'a ce rana ta ƙarshe, wanda bai kawo kuɗin jarrabawa ba an rufe da shi.

Daren Litinin muka tafi kogi. Ruwa ya ja baya sosai, duwatsu sun fito, kifi ya tattaru a wurare masu zurfi. Baba ya tuƙa mu sama, muka wuce inda muka saba tsayawa, har muka kai wani gurbi a gindin wani dutse da ban taɓa ganin ya kafa ƙugiya a wurin ba. Ya ɗauko zaren nailan mai kauri, da ƙugiya babba wadda yake ajiyewa cikin gwangwanin madara, ya soka wata 'yar karfasa mai rai ta baya, ya sake ta. Muka zauna. Sanyin kogi na ƙarshen hunturu daban ne, yana shiga ta ƙasan jirgi ya kama ƙashin mutum. Ban san awa nawa muka yi ba. Na fara gyangyaɗi sai na ji jirgin ya juya da kansa.

Zaren yana fita daga hannun Baba yana wani kuka. Ya naɗe hannunsa da tsumma, ya ce in riƙe filafili in hana jirgin buga dutse. Abin da ke ƙasa ya ja mu ya kai tsakiyar gurbi, ya dawo da mu, ya sake ja. Sau ɗaya ya taso sama ya buɗe baki ya girgiza kai, ruwa ya fallatso mana, cikin hasken farin wata na ga wani fari mai ƙyalli kamar an ɗaga kwanon rufi. Baba ya ce, a hankali kamar mai tsoron a ji shi, "Giwa."

Mun fi rabin awa kafin ya gaji. Muka ja shi zuwa wani yashi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, muka dira. Na haska tocila. Idon giwan ruwa yana mayar da haske kamar na kyanwa, wannan kuwa idonsa ya kai kwabo. Da za a tsayar da shi, daga ƙasa zai kai mini ƙirji. Ba mu da sikeli, amma na sha raka Baba wurin dillalan kifi a babbar kasuwa, na san yadda masu otal ke rububin giwan ruwa saboda tsokarsa fara ce ba ƙananan ƙaya. Tun ina tsaye cikin ruwan na gama lissafi: kuɗin jarrabawa, kuɗin haya na wata biyu, har da canji. Na rungume wutsiyar da hannu biyu ina cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Baba ya durƙusa cikin ruwa. Ya shafa cikin kifin tun daga ƙirji har ƙasa, ya sake shafawa. Ya daɗe a haka. Giwan ruwa "shi" ake ce masa, amma da Baba ya buɗe baki cewa ya yi, "Uwa ce. Cikinta cike yake."

Ban gane inda maganar ta nufa ba sai da na ga ya ciro filaya daga aljihu ya zura hannu cikin bakinta ya murɗe ƙugiyar.

"Saki," in ji shi.

Na ƙi.

"Kai yaro, na ce saki."

"Baba, Juma'a fa. Kuɗin jarrabawa."

Wannan ne karo na farko a rayuwata da ya faɗi magana na mayar masa. Bai daka mini tsawa ba, bai ɗaga hannu ba. Ya matso ya kama yatsuna ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya daga jikin wutsiyar. Na kai hannu zan cafko ta ta kai, ƙayar da ke gefen kumatunta ta tsarge mini tafi. Tabon yana nan, da shi nake riƙe wayar da nake rubuta wannan. Ya juya ta ta fuskanci inda ruwa ke tahowa, ya tallafe cikinta da hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗa wutsiyar a hankali, yana wani magana ƙasa-ƙasa da ban ji ba. Can ta motsa. Ta buga ruwa sau ɗaya ta ɓace.

Muka koma gida da kurungu shida. A kan keken ban riƙe shi ba, sirdin na riƙe. Tun daga Kawo har shataletalen Mando ba wanda ya ce uffan.

Inna tana da keken ɗinki, Butterfly, baƙi mai zanen zinariya, wanda mahaifinta ya saya mata lokacin aure. Da shi take ɗinka wa matan unguwa riguna da kayan jarirai, da shi take sayen gishiri da kalwa da sabulu ba tare da ta tambayi kowa ba. Ƙarar keken nan ita ce ƙarar gidanmu. Da ita nake barci, da ita nake tashi. Ranar Alhamis da yamma na dawo daga makaranta na tarar da wurin da yake zama fayau, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti. Inna ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo mini kuɗi, ta ce, "Gobe da sassafe ka kai, ka karɓo rasit." Na buɗe baki ta ɗaga mini hannu. Ba ta so a yi maganar, kuma ba a yi ba.

Ba a yi wata guda ba wasu suka zuba gamalin a saman wannan gurbin da dare. Da gari ya waye kifi ya taso fari fat, manya da 'ya'ya, har da kwaɗi, yara da mata suna kwasa da kwanduna. Banufen abokin Baba ne ya zo ya faɗa mana, ya ce an ga wani ƙaton giwan ruwa da mutum biyu suka ɗora a baro aka nufi kasuwar Kawo da shi, ranar Talata ce. Na juya na kalli Baba. Na so ya kalle ni. Na tambaye shi ko ita ce, ya ce, "Ban je na duba ba," ya ɗauki buta ya fita.

Na ci jarrabawa, na yi kwalejin horon malamai, na zama malamin makaranta, na yi aure. Ban sake taka kwale-kwale ba. Ina gaishe da Baba safe da yamma, na yi masa duk abin da ɗa ke yi wa uba, da ya kwanta ciwo ni na yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. Amma akwai wata ƙofa a zuciyata da na rufe tun daren nan, kuma ina jin ya sani. Mutane sukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na sha juya maganar nan ina tambaya: me ya hango? Kifin bai tsira ba, ƙwan bai ƙyanƙyashe ba, waɗanda suka ci naman ma guba suka ci. Abu ɗaya ne ya tabbata, keken Inna ya tafi. Shi ya yi abin kirki a bakin ruwa, ita ta biya a tsakar gida. Da na fara ɗaukar albashi na yi adashe na saya mata sabon keke, amma kafin nan idonta ya fara dushewa. Mun je babban asibitin ido da ke nan kusa da mu, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Keken yana ɗakinta an rufe shi da zani, ana ɗora kwanon goro a kai.

Wannan duka shi ne abin da bidiyon Babana ya tono. Kwana biyu ina bin labarin kifin Baturen a intanet kamar mai shirin jarrabawa. Redfish suke ce masa, wato jan kifi. Yana tashi ne a bakin gaɓa, cikin fadamun ruwan gishiri da bakunan koguna, tun daga Teksas har Fulorida da gaɓar gabashin Amurka. Wani lokaci ruwan da yake kiwo a ciki bai kai gwiwa ba, har masu kamun kan hango wutsiyarsa a waje yana tonon ƙaguwa cikin laka. In ya shekara uku ko huɗu ya balaga, sai ya fita teku ya shiga garken manya, su ne masu zuba ƙwai, kuma yakan rayu shekara 40 ko fiye. A farkon shekarun 1980 wani kuku a birnin New Orleans mai suna Paul Prudhomme ya yi suna da wata suya: a baɗe kifin da kayan yaji a ɗora a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi har bayansa ya yi baƙi. Ƙasar gaba ɗaya ta rikice da son suyar nan. Manyan jirage suka fita da taru, jirgin sama yana hango musu garke daga sama, suna kwashe iyayen. Kafin 1990 sai da gwamnatin tarayyarsu ta haramta kama shi a ɓangaren tekun Meziko da ke hannunta, a 2007 kuma Shugaba George W. Bush ya sa hannu a umarnin hana sayar da wanda aka kama a ruwan tarayya. Jihohi suka kafa awo. A Teksas kifi uku ne a rana, daga inci 20 zuwa 28. A Luwiziyana tun 2024 huɗu ne, daga inci 18 zuwa 27, wanda ya haura haka dole ka mayar da shi. Katakon da Baturen ya kwantar da kifin a kai ke nan.

Ashe dokar Baba ce, ƙarami a bar shi ya girma, uwa a bar ta ta haihu, sai dai su da katako suke aunawa, shi da tafin hannu. Ido ba mudu ba, ya san ƙima. Da farko abin ya yi mini daɗi, kamar an kawo wa Baba shaida daga wata duniya. Da na ƙara tunani sai daɗin ya ragu. Baturen nan ba waliyyi ba ne. Akwai jami'in da zai tare shi a bakin gaɓa ya buɗe akwatinsa, akwai tara, kuma ya san wanda zai zo bayansa shi ma saki zai yi, don haka kifin da ya mayar yana da damar kaiwa baɗi. Ga shi don nishaɗi ya fito, firjinsa a cike. A Yawuri ta ƙuruciyar Baba ma haka abin yake ta wata fuskar: in ka saki uwa, gari duka ya sake ta tare da kai, wanda ya saɓa kuma zai tsaya gaban Sarkin Ruwa. Baba ya taho Kaduna da dokar garinsu a kansa, amma ya baro mutanen da ke tsare ta. A Rafin Guza kowa baƙo ne, kogin na kowa ne, ba kuma na kowa ba. Doka kam tana nan a takarda, tun 1992 aka yi ta hana kamun kifi da guba da nakiya a ruwayen cikin ƙasa, amma duk shekarun da na yi a bakin kogin ban taɓa ganin wanda ya zo da ita a hannu ba. Yanzu ma har da gidan sauron da ake rabawa don zazzaɓi ake jan ruwa, a kwashe 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. 'Ya'yana sun fi sanin kifin ƙanƙara na kwali da ake shigowa da shi daga waje a kan kurungu.

Abin dariya, kifin bai bar ni ba. Albashin malami ba ya kai wata, don haka ina da tankunan tamfol huɗu a bayan gida ina kiwon tarwaɗa, har na koyi ƙyanƙyasa. A yi wa uwa allura da yamma, da safe a matse ƙwan cikin roba, a yanka namiji a haɗa, kwana ɗaya sai ka ga ruwa yana motsi. Ina da uwaye tara da na ware, ba na sayarwa. A zangon karatun da ya wuce kuɗin makarantar yara ya taso kifin kasuwa bai kai ba, wani mai gashi ya zo ya ga uwayen ya yi mini tayi mai kyau, na ce a'a. Da ya fita na juyo na ga maiɗakina tsaye a ƙofar kicin tana kallona. Na san kallon. Na kare kaina da cewa nawa daban ne, a cikin katangata suke, ba mai zuba musu guba, ƙwansu kuma aljihuna zai dawo. Gaskiya ne. Duk da haka a ranar ban iya cin tuwo sosai ba.

Inna tana wurina yanzu, a ɗakin da ke kusa da zaure. Ranar wata Juma'a bayan an sauko na shiga gaishe ta, Babana ya biyo ni da wayar, wai sai ya nuna wa kakarsa mahaukacin Bature. Ba ta gani sai inuwa, don haka shi ya dinga ba ta labari, yana ƙara gishiri. Ta saurara har ƙarshe tana murza carbi. Sai ta ce, "To shi wannan, matarsa me ta sayar?"

Ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na ce wa yaron ya je ya duba ko an ba kifi abinci. Da ya fita na gyara zama a kan tabarma, na yi tambayar da na shekara ashirin da wani abu ina riƙe da ita.

"Inna, ba ki taɓa jin haushinsa ba?"

"Haushi? Kwana biyu ban yi masa magana ba. Tuwo ma a ƙofa nake ajiye masa." Ta laluba ta gyara zanin da ke kan keken. "Ai a daren da kuka dawo ya faɗa mini. Kai kana kwance kana kukan da kake tsammani ba a ji. Ya zauna nan bakin gado ya ce, na yi wani abu, ban sani ba ko daidai ne. Ya ce shekara uku yana ganinta a wurin, bai taɓa kafa mata ƙugiya ba sai ranar, saboda kai. Ya ce da gangan ya je, da niyyar ya kawo ta. Da ya taɓa cikinta sai hannunsa ya ƙi."

Na yi shiru.

"Na ce masa, Malam, hannunka ya ƙi, to yaron fa? Ka koma ka ɗauko ta."

"Ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Ya koma."

Na ce ban gane ba.

"Talata ya koma, Laraba ya koma. Shi kaɗai, bayan ka yi barci. Ya roƙi wani ya riƙe masa gadi. Tun isha'i har asuba yana zaune a kan dutsen nan da ƙugiyarsa, cikin wannan sanyi, ta ƙi ci. Ranar Alhamis da safe ya shigo jikinsa yana rawa, leɓensa ya tsage, ya ce mini ta gane ƙugiyar. Sannan na aika a kira dillaliya." Ta ɗan tsaya. "Shi ya ɗora keken a ka ya kai mata har gida, bai yarda a kira ɗan dako ba. Tarin da ya dinga yi shekarar nan, ka manta?"

Ban manta ba. Na tuna ina jin tarin ta bango ina juya baya.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Ya ce kar a faɗa. Wai gara ka ɗauka ya ƙi, da ka san ya koma ya kasa."

Daga waje Babana yana ƙwala kira wai ruwan tanki na biyu ya yi kore, in zo in gani. Inna ta miƙo hannu tana laluben kwanon goro a kan keken, na tura mata shi kusa. Ta ɓare ɗaya ta ba ni rabi.

"Ka kai yaron nan kogi mana," in ji ta. "Kullum a waya."

Na ce to, ranar Asabar. Ta ce in duba ƙarƙashin gadonta, cikin tsohuwar adaka, akwai wani gwangwanin madara.